Hannun da Ke Cikin Hijabi

Daren Laraba, Fagge

Littafina, ka yi haƙuri, ban saba faɗin damuwata ba.

Yau na je neman aikin hutu a wani shagon turare a Sabon Gari. Hajiya mai shagon ta miƙo mini ruwa, na karɓa da hagu, don hannuna na dama shanyayye ne, yana cikin hijabi. Ta ce, "'Yata, haka aka koya miki a gida?" Na sha ruwan kawai, ta ce in dawo gobe.

Tun ɗazu nake hango kaina ina jera kwalabe, fitila tana haska su, ƙamshi ya kama mayafina. Amma ba zan bari a zargi tarbiyyar Inna ba. Gobe zan nuna wa Hajiya hannun, ko da zan rasa aikin.

Kai dai ba ka taɓa ƙin hagun nan ba. Ka bar ni in sake rubutu.