Baba a Bayan Saniya

Dakar, Talata 14 ga Mayu, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma.

Yaya Hammadu,

Ina gaisuwa. Yaya Inna da mutanen Guci? Ni lafiya lau, aiki ne dai shiru.

Albishirinka! Shafin da muke ajiye hotuna kyauta ya ce mun wuce iyaka, ko mu riƙa biya, ko ya goge su ran Juma'a. Kwana uku ina saukewa, na tsirar da 1,214 cif. Dubu duk shanunka ne, Yaya! Amma a bayan wata saniya sai ga marigayi Baba yana dariya. Mu da muke cewa bai bar hoto ba!

Abin da ban sani ba: shekarar, sunan saniyar, da ko Inna za ta iya kallo. Ka tambaye ta a hankali.

Ƙaninka,
Ilyasu