Hannuna Ya Yi Wa Malam Ƙarya

Assalamu alaikum Anti Lantana. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, domin na yi wani abu da ko ƙanwata na kasa faɗa wa, kuma abin yana cin raina.

Ni matar aure ce a Makarfi, shekararmu talatin da ɗaya tare. Maigidana malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Cikin waɗanda suka ajiye aiki tare da shi, wani ya koma noman rake, wani ya sayi bas yana jigila tsakanin Ikara da Zariya, shi kuwa sai ya buɗe kamfanin buga littattafai a shagon ƙofar gidanmu. Kamfani dai a baki: shi ne, sai komfuta ɗaya da wata fanka mai kuka. Kuma ba irin littattafan da ake rububinsu yake bugawa ba. Na wasu ƙasashe ne da aka fassaro daga Larabci ko Faransanci, sai kuma labaran da kowa ya ƙi karɓa don ba a saba da irinsu ba. Akwai wanda rijiya ce take ba da labarin mutanen gari. Akwai wanda ya fara daga rasuwar mutum ya ƙare a ranar sunansa. Danginsa na Nasarawan Doya har yau suna tambayata a ɓoye ko lafiyarsa ƙalau. Lafiyarsa ƙalau, Anti, ban ma taɓa ganinsa cikin walwala irin ta shekaru taran nan da ya buɗe kamfanin ba.

Ƙarfinsa bai wuce littafi biyu a shekara ba, don haka zaɓen yana ba shi wahala. Ga yadda yake yi. Bayan la'asar nakan zauna a gindin mangwaro ina ɓare gyaɗa, don ina yin ƙuli-ƙuli. Sai ya ɗauko rubutun da aka aiko masa ya zauna yana karanta mini da ƙarfi, yana satar kallon hannuna. In labari ya kama ni har hannuna ya tsaya, to wannan littafin za a buga. In na ci gaba da ɓara har ya gama, sai ya mayar wa mai shi da wasiƙar ban haƙuri. Ni iyakata firamare, amma ya ce hannuna ya fi shi sanin labari. Marubutan ma sun sani, in sun bugo waya sai su ce ya hannun Hajiya. Ba zan ɓoye miki ba, abin yana yi mini daɗi ƙwarai.

Bana an riga an buga ɗaya, saura gurbi ɗaya, kuma rubutu biyu ne a gabansa. Na farko na wata Paulina ne, nas ce a Ikara, ta fassara labaran kakarta daga yarensu na kudancin Kaduna. Na biyu ya ce wai wani Iliyasu Kudan ne ya aiko.

Anti, tun a shafi na biyar na gane babu wani Iliyasu. Malam maigidana ne da kansa. Yaron da ke cikin labarin, uwarsa tana cusa masa mazarƙwaila a aljihu duk lokacin da zai koma makarantar kwana, kuma wannan surukata ce, Allah ya ji ƙanta, ya ba ni labarin ya fi sau ɗari. Ga shi da yake karantawa bai ko kalli hannuna sosai ba. Ashe shekarun nan da yake gyara rubutun mutane, nasa yana ɓoye a cikin durowa.

To littafin nan, Allah ya gafarta mini, akwai gundura. Shafi ɗari uku ne, kuma rabinsa wani hedimasta ne yake ta yi wa ɗalibai jawabi. Babi ɗaya ne kawai ya taɓa ni, inda yaron ya aiko wa uwarsa wasiƙa, ita kuma ba ta iya karatu ba, kuma ta ƙi bai wa kowa ya karanta mata don tsoron kada mugun labari ne a ciki. Ta ajiye ta a cikin kwalla sati uku, kullum sai ta ɗauko ta shinshina. A nan gyaɗa ta faɗi daga hannuna ban sani ba. Amma sauran wuraren, da gangan na riƙa tsayar da hannu ina buɗe baki, har da su salati.

Abin da ya fi damuna shi ne na Paulina. Labarin matattu ne da suke dawowa kowace kaka su taya 'ya'yansu tonon citta, suna aiki suna mitar an lalata musu gona. Na so in yi dariya, na so in yi kuka, amma na daure na ci gaba da ɓara don kada ya doke na Malam. Sai da ya tashi zuwa masallaci na ga ashe ɓawon nake zubawa a kwano, gyaɗar kuma ina watsarwa a ƙasa. Kaji sun sha biki ran nan.

Yanzu ya ce ƙarshen wata zai kai na Iliyasu wurin masu injin bugawa a Zariya. Na ɗauka zan ga yana murna, amma shiru-shiru yake, abinci ma kaɗan yake ci. Mutumin nan yana da hawan jini, kuma bai taɓa neman wani abu don kansa ba. In na faɗa masa gaskiya ina tsoron in karya masa zuciya. In na yi shiru na cuci yarinyar mutane, kuma na cuce shi. Ya zan yi?

Mai ƙuli-ƙuli, Makarfi.

Wa alaikumus salam, Hajiya.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na yi dariya a wurin kaji, sannan na ji ƙaunarku ku biyun ta kama ni. Abin da kika yi so ne ya sa, ba mugunta ba, don haka ki daina yi wa kanki kallon azzaluma. Amma kin yi kuskure, kuma da sauran lokacin gyarawa.

Bari in fara da abin da ba ki lura da shi ba. Mutumin da ya shekara tara yana kallon hannunki, kina zaton bai ga ɓawo a kwano ba? Kina zaton bai san ba ki saba yi wa labari salati ba? Ina kyautata zaton Malam ya gane, kuma shi ya sa ya rage cin abinci. Ki tambayi kanki dalilin da ya sa ya ɓuya a bayan sunan Iliyasu. Kamfanin nasa ne, da bugawa kawai yake so da babu mai hana shi. Gaskiyarki yake nema, kuma ya san in ya sa sunansa za ki ji tausayinsa. Yanzu ga shi a tsaka mai wuya: ba zai iya ce miki kin yi ƙarya ba, ke ma ba za ki iya ce masa kin gane shi ba, kowa yana kare ɗan'uwansa, abinci yana hucewa.

Tsoronki yana da dalili. Namiji mai shekaru, ga hawan jini, ga rubutun da ya daɗe yana reno, ba a faɗa masa magana gatsau. Amma in littafin ya fita a haka, masu karatu ba za su tausaya masa kamar ke ba. Kuma daga ranar, duk marubucin da ya tambayi hannun Hajiya, ku biyun kun san hannun ya taɓa yin ƙarya. Paulina ma tana da haƙƙi, ta aiko aikinta ne bisa amana.

Ga shawarata. Kada ki yi zancen a shago, kada ki yi shi a gaban kowa. Ki ɗauko gyaɗarki bayan la'asar kamar kullum, ki roƙe shi ya sake karanta miki babin wasiƙar nan. In ya gama, ki ce masa kin san matar, kin ci tuwonta, kuma a nan kaɗai hannunki ya tsaya da kansa. Da wannan za ki fara, ba da hedimasta ba. Daga nan ki ba shi labarin ɓawo da kaji, ki nemi afuwa a taƙaice. Kada ki yanke masa hukuncin wanda zai kai Zariya, wannan aikinsa ne, kuma in ya ji gaskiya ya san abin yi. Abin da za ki ƙara kawai shi ne kina so ya rage jawaban, ya ƙaro miki labarin mahaifiyarsa, kuma za ki zauna ki saurara ko shekara zai ɗauka.

Zai iya yin fushi na kwana biyu. Ki bar shi, ki tabbata dai yana shan maganinsa. Marubutan da ya mayar wa rubutunsu duk sun rayu, shi ma zai rayu.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya bar ku tare a gindin mangwaron nan, ya sa wa aikin Paulina albarka. In littafin Malam ya fito, ki aiko mini da kwafi ɗaya da ɗan ƙuli-ƙuli. Amma ki gaya masa na ce ya sallami Iliyasu ya sa sunansa a bango, domin uwar da ke cikin littafin tasa ce.

Taki,
Anti Lantana