Farantai Shida a Rufin Motar Bature

Kandi, ƙasar Benin

Zuwa ga Yaya Ango,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya Sabuwa da yara, da mutanen Zagga duka? An gama yankan shinkafa?

Ni lafiyata ƙalau. Kada labarin da 'yan kasuwar Dole Kaina za su kawo muku ya tayar muku da hankali. Wani Bature ne ya kawo shagonmu motar da yake yawon duniya da ita, mai gado da firji a ciki, yana son a sa masa sola a rufi. Na duba inbatarsa, wato na'urar da ke karɓar wutar sola, na yi lissafi, na ce farantan sola huɗu kaɗai za ta iya ɗauka in an haɗa su a jere. Ya ce shida ya sayo, shida za a sa. Maigidana ya ce, "Haliru, yi abin da mai mota ya ce." Na hau rufin motar.

Rana na tsaka na jona waya ta ƙarshe, sai wuta ta tashi. Inbatar ta ƙone, wutar ta ɗan taɓa hannuna na dama. Maigida ya faɗa wa Baturen kuskurena ne. Ban musa ba, don ba ni da wani wurin aikin.

Likita ya ce yatsu biyu sai an jira an gani. Don Allah ka karɓo mini maganin ƙuna wurin Gwaggo Atika ta Bahindi, ka ba direban motar Kandi ya kawo mini. Ka ce wa Inna ta sa ni a addu'a. In ta ce rubutuna ya canza, ka ce mata biro ne. Maƙwabcina Yero ke rubuta mini.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenka,
Haliru