Mai Ganga da Kofin 'Yan Caca

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke nan ƙalau. Yaya aiki, yaya kuma gwiwar nan taka? In har yanzu kana hawa bene da ita kana cewa ba komai, to Allah ya shirye ka. Na gaji da kiran wayarka ana ce mini ba ta shiga, shi ya sa na ture keken ɗinki gefe na ɗauki biro.

Ka ce in ba ka labarin kulob ɗinku. Labari akwai, sai dai babu daɗi. Bana hukumar ƙwallo ta ƙirƙiro wani sabon kofi, ta sayar wa wani kamfanin caca sunansa, irin cacar nan da ake yi a waya. Wasannin ba ranar Asabar da yamma ake buga su ba, sai tsakiyar mako da rana tsaka, lokacin da kowa yake wurin neman abinci, don kawai masu zuba kuɗi a waya su samu abin da za su zuba wa kullum. Manyan kulob ba sa ma turo 'yan wasansu na gaske, yaran da suke raino suke turo mana. Sunan kamfanin kuwa yana nan ɓaro-ɓaro a ƙirjin rigar 'yan wasanmu, ya ninka tambarin kulob girma.

Ka san halin surukinka, mijina Mai Ganga. Tun tafiyarka shi ke riƙe da ƙungiyar magoya bayan da kuka kafa tare, kuma ya ɗauki abin nan kamar an zagi mahaifinsa. A shagona suka yi taro, don ni ce mai benci, suka zauna mini a kan yadin mutane. Ni ba 'yar ƙungiya ba ce, amma tutocinsu duk hannuna ne ya ɗinka, saboda haka ban toshe kunne ba. Mai Walda, mataimakinsa, ya ba da labarin ƙaninsa da ya cinye babur ɗin da yake haya da shi a cacar nan, yanzu matarsa da 'ya'yansa suna rakuɓe a gidan Mai Walda. Gaskiya, Yaya, ni ma ina bayansu a wannan magana.

Sun yanke cewa duk wasan kofin nan babu mai shiga fili. Za su taru a bakin ƙofa su tsaya shiru, ba ganga, ba waƙa. Wanda ya shiga ya fita daga ƙungiya. Da a nan aka tsaya da sauƙi, amma surukinka ya miƙe ya ƙara da cewa babu roƙo, babu ban haƙuri, ko wane ne. Da suka watse na ce masa ya bar wa dokar 'yar ƙofa ko da taga ce, ya ce mini ɗinki daban, shugabanci daban.

A wasan farko kuwa aka samu wanda ya shiga, kuma ba kowa ba ne sai Mai Aski, amininku. Ya ce tun yana yaro bai taɓa fashin wasan gida ba, kuma shi yaran nan goma sha ɗaya yake bi, ba rubutun ƙirjinsu ba. Surukinka da kansa ya je shagon ya karɓo gyalen ƙungiya daga wuyansa. Tun daga ranar ba su ƙara gaisawa ba. Ka zo ka ga sumar surukinka yanzu, ta yi buya-buya, don ya ƙi zuwa wurin Mai Aski, kuma bai yarda da hannun kowa ba.

Ɗanka Mage yana gaishe ka. Har yanzu shi ne gola na uku a kulob ɗinku, yana ɗumama benci, amma cin abincinsa na gola uku ne a haɗe.

Ka kula da kanka. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Maman Mage

*

Yayana,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan jikin ya yi sauƙi. Wasiƙarka ta iso, na ga ka ce surukinka ya yi daidai. Daga nesa komai daidai ne. Bari ka ji abin da ya biyo baya.

Mun haye zagayen farko, wasa na gaba a gida za a yi. Koci ya ce zai hutar da babban gola saboda wasan lig, na biyu kuma ya karya yatsa a wurin atisaye. Ka ga wanda ya rage. Mage ya faɗo shagona da safar hannunsa a hammata, ya ɗaga ni sama a gaban kwastoma har ɗankwalina ya faɗi. Wasansa na farko ke nan a babbar ƙungiya. Na yi guɗa, na yi hawaye, sai can na tuna a wane kofi ne, murna ta koma ciki.

Da yamma ya gaya wa babansa. Mutumin nan da ya fasa mini gilashin taga ya fi a ƙirga yana jefa wa yaron ƙwallo a tsakar gida, wanda yake tashinsa da asuba su je gudu, ya dube shi ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ɗauki buta ya fita. Kulob ya ba yaron tikiti biyu na iyaye. Ya ajiye su a kan tebur, suka kwana suka yini babu wanda ya taɓa, sai ni na kwashe na saka a gwangwanin maɓallai.

Kada ka ce 'yan ƙungiyar ba su da zuciya. Mai Walda ya jagoranci manyansu suka zo har gida, suka ce sun yafe masa wannan wasan, ɗa ba wasa ba ne, ya shiga ya kalla ya fito. Ya saurare su har suka gama, ya ce to da wane ido zai kalli Mai Aski? Ya ce in dokar ta lanƙwasa don shi, gobe kowa zai zo da nasa uzurin, kamfanin ya ci nasara ke nan. Suka tafi jiki a sanyaye. Na so in rufe shi da faɗa, amma na rasa inda ya yi ƙarya, wannan ne ma ya fi ba ni haushi.

Shi kuma yaron, a gabana sai ya riƙa cewa ko a jikinsa, Baba ya yi zamansa. Amma duk shigowar da zai yi sai ya tambaye ni ko Baba ya ce wani abu. Jiya ya zauna a bencin shagon yana wasa da almakashi, ya ce ko dai ya gaya wa koci cinyarsa ta riƙe, kowa ya huta. Na ƙwace almakashin na ce in ya kuskura, ni da kaina zan je in tona masa asiri. Ka fi ni sanin gola na uku, Yaya. In wannan dama ta wuce shi, yana iya tsufa a benci.

Surukinka ya rame. Abinci sai ya tsakura ya ture. Na kama shi yana goge takalman yaron a bayan ɗaki, da ya gan ni sai ya ce wai hanya suka tare masa. Tausayi yake ba ni, kuma ina jin kamar in shaƙe shi.

Ni dai zan je. Ban rantse wa kowa ba, kuma ba zan bar ɗana ya ɗaga kai ya ga kujeru zalla ba. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Maman Mage

*

Yayana na kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata wannan ta same ka lafiya. Mu ma lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

An buga wasan. Da safen ranar na ga surukinka ya sauko da gangar daga ƙusa, ya goge ta tsaf, ya naɗe gyalensa a kanta ya fita. Ashe garejin Mai Walda ya nufa. Ya miƙa masa ganga da gyale, ya ce zai shiga fili yau, saboda haka ya kori kansa, kuma kada wanda ya roƙa masa. Mai Walda ya gaya mini daga baya cewa ya ƙi karɓa, sai surukinka ya ajiye su a kan teburin aiki ya juya. Da ya dawo gida abin da ya ce kawai shi ne in ɗauko tikitin.

Ba zan manta da bakin ƙofar nan ba. Mutanenku sun cika wurin maƙil, shiru kamar ba kowa, suna riƙe da ƙyallen da na ɗinka musu da hannuna. Ta tsakiyarsu muka ratsa. Suka dare mana hanya. Wasu suka kau da kai, wani matashi ya yi tsaki, wani dattijo ya dafa kafaɗarsa. Shi kuwa bai sunkuyar da kai ba, bai kuma kalli kowa ba, amma ina jin numfashinsa.

Ciki wayam. Kana jin tarin koci daga ɗaya gefen. A ɓangarenku na magoya baya mutum ɗaya ne tak, Mai Aski, da 'yar rediyonsa. Ya gan mu, ya dubi wuyan surukinka ya ga babu gyale, sai ya matsa mana wuri. Surukinka ya ba shi hannu ya roƙe shi ya yafe masa. Mai Aski ya dubi kan surukinka ya ce yafiya mai sauƙi ce, wannan sumar ce ba zai yafe ba.

Aka take wasa. Ka san yadda mai ganga yake aikinsa, tun da kai ka koya masa. Baya yake ba fili, ya fuskanci jama'a, a fuskokinsu yake gane ko an kawo hari ko an zubar, ya san inda zai ɗaga kiɗa. Ni ban taɓa lissafa abin da hakan yake nufi ba sai ranar. Duk shekarun nan mutumin nan bai zauna ya kalli wasan kulob ɗinsa da idonsa ba. Ƙwallon farko da ta nufi ragar Mage, ya damƙe mini hannu har zobena ya shige nama. Gumi ya jiƙa masa riga. Ba a jima ba ya miƙe, ya sauka mataki ɗaya, ya juya wa fili baya, ya tsaya yana kallon fuskata.

Haka ya tsaya har aka tashi. Na yi ƙoƙarin daidaita fuskata don kada zuciyarsa ta buga, na kasa. In na ɗaure fuska ya dafe ƙirji, in na saki ya sauke numfashi, hannayensa suna ta bugun cinyarsa. Aka ci mu ɗaya, ya gani a fuskata. Muka rama. Bayan hutun rabin lokaci alƙalin wasa ya ba su fenareti. Na ga ɗana a tsakiyar raga shi kaɗai, ya yi mini ƙanƙanta kamar ranar da na fara kai shi makaranta. Aka buga, ya yi tsalle hagu ya kaɗe ta waje. Ban san lokacin da na miƙe ina ihu ba, Mai Aski ya yar da rediyonsa. Surukinka ya rufe fuska da tafin hannu yana kuka kamar yaro.

Na waje sun ji ihuna, sun kuma gane. Mai Walda ya ce gangar tana rataye a kafaɗarsa, hannunsa har ƙaiƙayi yake, amma babu wanda ya yi ko tari. Sun riƙe maganarsu, kuma ban ga laifinsu ba.

Daf da tashi aka ƙara mana ɗaya, an fitar da mu daga kofin. Surukinka ya ce Allah ya raka taki gona da kofin, kuma har gobe yana nan a kan bakansa cewa cuta ce. Ƙungiya ba ta mayar da shi ba, shi ma bai nema ba. Ranar Asabar da aka yi wasan lig, shi da Mai Aski suka sayi tikiti suka zauna can gefe cikin sauran 'yan kallo. Ya dawo yana cewa Mai Walda dukan ganga yake yi kamar yana gyaran ƙofa. Ya yi dariya, amma bai ci abinci ba. Ƙusar nan tana nan a bango ba komai a jikinta, na rasa ko in cire ta ko in bar ta.

Ga abin da ya sa na rubuto maka da sauri. A hanyarmu ta dawowa ranar kofin, surukinka ya sa na ba shi labarin fenaretin dalla-dalla, ta wane gefe, da wane hannu, ya kuma roƙe ni kada in gaya wa yaron cewa bai gani ba. Da Mage ya shigo, ya zaunar da shi yana kwatanta masa tsallen da ya yi kamar a gabansa aka yi, har da gyara masa tsayuwa. Yaron yana ta cewa to Baba.

Washegari Mage ya same ni a shago. Ya ce da aka fara wasa tsoro ya kama shi ƙwarai. Sai ya ɗaga kai ya hango bayan babansa a inda ya saba ganinsa tun yana ƙarami, nan take tsoron ya sake shi. Ya ce ya san Baba bai ga komai ba, amma don Allah kada in nuna masa ya sani.

To ka ji. In za ka rubuto wa ɗayansu, kai ba ka san komai ba. Ka yaba wa yaron, ka kuma tambayi surukinka yadda aka kaɗe fenaretin nan, zai ba ka labari har ka gaji.

Kowa yana gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Maman Mage