Gidan da Mahaifiyata Ta Ɗauka Nawa Ne

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Hukumar Kula da Gidajen Haya
Daga: Mai gyaran iyakwandishan, ɗakin bayan shago, layin masu gyara
Kwanan wata: 4 ga Maris

Game da: Tashin kuɗin hayar 'yan kwanaki a bene mai hawa shida na unguwarmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Shekara uku ke nan, duk sanda mahaifiyata za ta zo ganin likitan ido, nakan kama gida mai lamba 14 a hawa na huɗu na mako guda. Wajen gyaran iyakwandishan ɗinsa na san gidan. Ranar da ta fara shiga, ta ɗauka nawa ne, ta yi ta sa mini albarka har da hawaye. Ni kuwa, maimakon in gyara mata zance, sai na ce amin.

2. Kafin ta iso nakan rataye hoton marigayi mahaifina a falo, in cire takardar dokokin baƙi daga bayan ƙofa, in haddace inda cokula suke. Bara ta kama ni ina laluben makunnin fitilar banɗaki, na ce gajiya ce.

3. Ran 26 ga Fabrairu manajan benen ya sanar da ni cewa kuɗin mako ya ninka uku, wai baƙi na rububi. Ya kuma kafa mini hujja da yabon da wani ya rubuta a shafinsu na intanet, cewa gidan ya fi kuɗinsa nesa ba kusa ba. Ranka ya daɗe, wannan wawan ni ne.

4. Ran 21 ga wata za ta dawo. A zuwan baya aka yi mata aikin idon, yanzu tana gani tangaran, kuma ta aiko cewa ta ƙagu ta ƙare wa gidan ɗanta kallo. Inda ɗan nata ke kwana kuwa, katifa ce tsakanin matattun iyakwandishan goma sha ɗaya, sai wata fanka mai kuka. Kunya nake ji, kuma tsoro nake ji.

Saboda haka ina roƙon hukuma ta binciki wannan ƙari, ta kuma ƙayyade farashi kafin ranar da na ambata. Idan hakan bai samu ba, ina roƙon a taimaka a turo mini jami'i guda, dattijo mai sanyin baki, ya tsaya kusa da ni a ƙofar shago sa'ad da zan buɗe mata ɗakin.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Mai gyaran iyakwandishan,
maigidan lamba 14 na mako guda a shekara