Cajar Wayar Yayana Ta Ƙi Kamawa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sakat.

Ni mutumin Bakura ne amma a Talata Mafara nake sana'ar ɗinki. Yayana da muke uwa ɗaya uba ɗaya yana zaune a Maradun, shekara biyu ba ma ga maciji da shi saboda iyakar gonar gado, ya ce na ci masa kunya uku na gonarsa, ni kuma na ce sai dai ya mutu da haushi. Wallahi haka na faɗa, a gaban mutane. Bara da damina Allah ya yi masa rasuwa.

Ranar addu'ar bakwai matarsa ta miƙo min ƙaramar wayarsa da cajarta a ƙulle cikin leda, ta ce, "Baban yara ya naɗa maka magana cikin wagga waya kwana biyu kahin shi cika, ya ce kai kaɗai za ka ji." Girman kai ya sa na jefa ledar bayan keken ɗinki, inda rufin shago ke yoyo, ban waiwaye ta ba sai bayan wata biyar.

Yanzu caja ta ƙi kamawa. In na jona, jar wuta ta ƙifta sau ɗaya ta mutu. Na kankare bakin cajar da allura, na ɗora batirin a harshe ban ji komai ba, na ari cajar maƙwabci, na sayo sabon batir, duk shiru. Kullum na buɗe shago sai na jona ta kafin in zauna, kuma duk ƙiftawar nan sai in ga kamar shi ne ya buɗe baki zai yi magana ya fasa.

Mai gyara ya gwada ya ce cajar lafiyarta lau, ruwa ne ya sa cikin wayar tsatsa, kuma babu memori, muryar a kan wayar take. Zai iya wanke ta, ko ta tashi ko komai ya tafi. Sau biyu ina kai masa ina karɓowa kafin ya wanke ta.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, tashinta nake tsoro fiye da mutuwarta. Jama'a in bari a buɗe ko in bar ta haka? In na ji ya ce ya yafe, alhamdulillahi. In kuma ya ce bai yafe ba, ina zan same shi in roƙe shi?