Kwanon Jatau

Asabar, 5 ga Oktoba 2024
Gonar riɗi, bayan Doka, gabashin Sudan. Mun yi yanka, mun ɗaure, mun ci tuwo. Shi ke nan.

Litinin, 7 ga Oktoba
Sabon ɗan ƙwadago, Jatau, ya cire hula zai yi alwala, aka ga kansa. Haliru, sarkin tsoro, ya ce ƙazuwa ce. Da rana aka zuba wa Jatau tuwonsa a kwano daban. Mu tara a tire ɗaya, shi a gindin tarakta.

Talata, 8 ga Oktoba
Ban yi niyyar dubawa ba, idona ne ya je. Farin ɓawo mai kauri a bakin gashi, a gwiwar hannu, a gwiwa. Farcensa da ƙananan ramuka. Ƙazuwa tsakanin yatsu take kamawa, kuma da tuni duk muna susa. Makero zagaye yake yi, ya cinye gashi. Wannan cutar fata ce mai suna sadafiyya, kamar yadda likita ya gaya wa matata Manahil a Khartum. Ba ta yaɗuwa. Shekara tara ina shafa mata man riɗi a kai, ko ƙaiƙayi ban yi ba.
Ban ce komai ba. Magana ma aiki ce.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Zafi. Ba na jin komai, ko tausayi.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Bayan salla kowa ya ba kowa hannu. Jatau ya miƙa nasa, ba wanda ya karɓa, ya mayar aljihu. Eltayeb, wakilin mai gona, ya ce masa: "Malesh ya zol, yi haƙuri, lori na Lahadi zai kai ka Gadarif. Mutane suna tsoro." Jatau ya ce 'ya'yansa huɗu a Basunda, wannan kakar suke jira.
Idan na yi bayani, za a tambaye ni ina na sani. Tun da muka binne matata a hanyar Madani ban furta sunanta ba.

Asabar, 12 ga Oktoba
Da rana na tashi daga tire, na tsuguna gindin tarakta, na sa hannu a kwanonsa. Haliru ya ce, "Abdelaziz, ka haukace?" Na ce, "Manahil ma haka take. Matata." "Take" na ce, kamar tana raye, ban gyara ba.
Eltayeb ya daɗe yana kallon hannuna.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Lori ya tafi babu Jatau. Na ce ya je asibiti bayan kaka. Kafin nan na shafa masa man riɗi a kai, don hannunsa ba ya kai ƙeya sosai. Nawa bai manta ba. Idona ya yi ta ruwa. Ƙaiƙayin riɗi ne, ina jin.